Shekarar da Baba Ya Daina Cewa Amin a Fili

Ku da kuka riski kakanku da rai kun san yadda yake addu'a a cikin mutane. Zai ɗaga hannu kamar kowa, leɓensa ya motsa, ya shafa, amma ba za ka ji amin ɗinsa ba ko kafaɗarka na gogar tasa. Na san abin da ake faɗa a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan ƙasar Yarbawa, game da wannan. An ce aƙida ya sauya lokacin da rigimar masallatai ta shigo unguwa, wai shi ya sa ya rabu da yayansa, shi ya sa muka bar gidan gado muka koma bayan Ojoo, can bakin gari. Har a cikin dangi akwai masu faɗar haka, kuma na ji ɗaya daga cikinku ya maimaita. Ba haka ba ne. Kakanku ya rasu a kan abin da ya tashi a kai, da carbinsa a aljihu. Talo-talo ne suka shiga tsakaninsa da yayansa, kuma ina cikin ɗaki ɗaya da tsuntsayen ranar da abin ya faru. Na daɗe ban ba da labarin ba, domin har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Gidan da na tashi na Baffa ne, Alhaji Mamman, yayan Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke saukar da fataken shanu da na goro in sun zo daga Arewa, don haka zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Kowa da wurin zamansa a zauren nan, ko yaro ya sani. Baffa a tsakiya bisa darduma, Baba a damansa bisa wani farin buzu da gashinsa ya kaɗe a daidai inda gwiwa ke sauka. Duk maganar da za a yanke, ta ciniki ce ko ta aure ko ta faɗan maƙwabta, sai Baffa ya juya dama ya tambayi ƙaninsa Sani, wato Baba, abin da ya gani. Baba dillalin shanu ne a kara, wato kasuwar shanu, kuma buzun nan ya fi masa shanun daraja. Ina ajin ƙarshe na firamare wani bijimi ya matse shi da katanga ya karya masa ƙugu. Ya warke, amma da sanda, kuma mai sanda ba ya shiga tsakanin shanu. Ya daɗe zaune a kan buzunsa ana ciniki a gabansa ba da shi ba, Inna tana riƙe da mu da furar da take damawa a cikin gida ana kai mata talla. Ina lura da shi a lokacin. Ya rage cin abinci, yana barin rabin tuwo ya ce ya ƙoshi, sannan ya tura mana kwanon da ƙafar sandarsa.

Inna tana da talo-talo biyu, mace da namiji, da wani farke daga wajen Zariya ya bar mata don jin daɗin girkinta. Irin na gida ne, baƙaƙe, masu sheƙi kamar jan ƙarfe in rana ta taɓa su. Ba irin fararen nan na gidan gona ba da ƙirji ke yi musu nauyi har ba sa iya hawa bishiya ko kwanci a kan ƙwai. Namu suna tashi, suna kwanci, suna nema wa kansu abinci. Da suka hayayyafa tsakar gida ta yi musu kaɗan, matan gida suka fara ƙorafin kashi a kan tabarmi. A nan ne Baba Lamidi, wani mahauci Bayarabe da ya daɗe yana sayen shanu ta hannun Baba, ya ba shi aron fili a bayan Ojoo, mai ciyawa da bishiyoyin kashu da ɗan rafi a ƙasa. Baba ya kwashe tsuntsayen ya kai can. Baffa bai hana ba. Ya ce dai kiwon tsuntsu aikin mata ne da yara, kuma kowa ya san masu sayen talo-talo su ne masu bikin Kirsimeti, saboda haka a zaurensa abin sunansa gona, kada ya ji an ƙara kalma ɗaya a kai. Haka aka yi. Baba ya fita bayan asuba, ya dawo kafin magariba, ya wanke ƙafa a bayan gida, ya sauya riga, ya hau buzunsa. In baƙo ya tambaya, an ce Malam Sani ya je duba gona.

Ni aka zaɓa in riƙa binsa ranar Asabar da lokacin hutu, don ni ce marar hayaniya a gidanmu, kuma talo-talo ba sa son mai garaje. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A gonar nan na koyi abubuwan da har gobe hannuna bai manta ba. 'Ya'yan talo-talo ba su da wayon cin abinci, sai an haɗa su da 'yan tsaki su ga yadda ake tsattsaga sannan su kwaikwaya. Ruwan sama kaɗan in ya jiƙa su sai su yi laƙwas su mutu, don haka da hadari ya haɗu nake tattara su a cikin zanena. Muna dafa musu ƙwai mu murmushe da yankakken lawashi. Baba yana cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan masara, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a hanyar gara, washegari a ɗaga ta cike fal a zazzage musu. Manyan kuwa kora su muke cikin ciyawa da dogon kara mai tsumma a kai, suna tafe a jere suna cafke fara. Da yamma su haye bishiyar kashu da kansu. Akwai wani ƙaton namiji da Baba ke kira Galadima, wanda in ransa ya ɓaci kansa ke rikiɗa daga ja zuwa shuɗi zuwa fari, kana tsaye kana kallo. A can na ga Baba ya koma cinye abincinsa duka.

Ba zan ce muku ina alfahari da aikin ba. Ina son tsuntsayen, ina kuma jin kunyarsu, duk a zuciya ɗaya. Wata Asabar wata 'yar ajinmu ta gan ni a tashar Ojoo rungume da talo-talo, an ɗaure masa ƙafa, kansa na leƙe ta hammatata. Ranar Litinin ina shiga aji na ji an ce omo tolotolo, wato 'yar talo-talo, aka bushe da dariya. Ni da ko a tambaye ni abin da na sani sai muryata ta maƙale, na sami suna da duk makaranta ta haddace. Na koma wanke hannuna da lemun tsami kafin in tafi, ina shinshina bakin mayafina a hanya. Ban taɓa gaya wa Baba ba.

Akwai wata ɗabi'a ta mazan talo-talo da na lura da ita tun farko. Duk ƙarar da ta faɗo musu ba zato, sai su amsa gaba ɗaya, su miƙa wuya su saki kukan nan nasu mai kama da ana zuba ruwa daga tulu. Aradu, ƙahon mota, faɗuwar bokiti, duk ɗaya ne. Baba yana salla shi kaɗai a ƙarƙashin kashu, kuma shi mutum ne mai buɗe murya in ya zo ƙarshen addu'a. Yana cewa amin, Galadima zai amsa, sauran su bi. Ranar farko na toshe baki da mayafi. Baba ya shafa addu'arsa, ya waiwayo yana murmushi, ya ce aƙalla ya sami jam'i.

A shekarar da nake ba ku labari aka sa ranar auren yayata Rabi. Mijin ɗan gidan manyan 'yan albasa ne na kasuwar Shasha, ita ta gan shi tana so, shi ma haka. Baffa ne waliyyi, shi ya karɓi masu neman aure, kuma da suka tambayi sana'ar uban yarinya ya ce musu dillalin shanu ne da ciwo ya ɗan zaunar. Baba yana gefensa a kan buzu bai ce komai ba. Aka sa ɗaurin aure wata Asabar ana dab da Kirsimeti, lokacin da mazan talo-talonmu suka cika suka batse, masu saye sun fara zuwa gani.

Ana jibi ɗaurin aure masu farautar gafiya suka cinna wa dajin da ke bayan rafi wuta, iska ta kaɗo ta gonarmu. Baba da Baba Lamidi suka samu suka fitar da tsuntsayen, amma ciyawa ta ƙone ƙurmus, rumfa ta tafi, ganyen kashu ya babbake. Matan talo-talon da ƙananansu, Baba Lamidi ya ajiye su a bayan gidansa. Mazan kuwa ba wuri, ga faɗa da suke yi in an matse su da mata, ga ɓarayin talo-talo da ke yawa a wannan watan. Baba ya rasa inda zai kai su sai gida. A jikin zauren Baffa akwai tsohon ɗakin ajiyar goro, babba, mai duhu, da 'yar taga ɗaya can sama mai kallon ƙofar gida. Ranar Juma'a da sassafe a-kori-kurar Baba Lamidi ta tsaya ta lungun baya, aka riƙa shigo da su cikin buhuna, kai a waje. Baffa ya fito da butarsa ya tsaya yana kallo har aka gama. Ina riƙe da ƙofa, na ji abin da ya faɗa.

"Sani, gobe ƙofar gidan nan za ta cika da mutane. In ɗaya daga cikin abubuwan nan ya buɗe baki, ni ban san su ba."

"Ba za su yi ba, Yaya. Duhu na kwantar da su."

Na yini da magana a bakina. Sai da yamma, da na kai wa Baba ruwan alwala, na iya fitar da ita. Na tuna masa abin da Galadima ke yi in an ce amin. Ya karɓi butar, ya ce wancan a sarari ne, da rana, suna ganin juna. A ɗaki mai duhu tsuntsu ɗauka yake dare ne. Ya ce duk da haka in shiga in zauna da su gobe da dusa da dawa, tunda sun saba da ni, in na ga za su motsa in watsa musu. Ya saba ganinsu shiru a kan bishiya bayan faɗuwar rana, bai taɓa jin taron mutane ya yi magana da murya ɗaya kusa da su ba, domin a gona daga shi sai ni.

Haka na yi ɗaurin auren yayata a ɗakin goro, sanye da sabon ankon da Inna ta ɗinka mini, zaune a kan kifaffen kwando. Ɗakin na warin tsohon ganyen goro da kashin tsuntsu. Hasken 'yar tagar ya faɗo a bango kamar faifai, ina ganin kawunansu suna wucewa ta cikinsa. Daga waje ina jin shimfiɗa tabarmi, gaishe-gaishe, tarin dattawa, ƙarar farantin goro da alawa. Tsuntsayen suna cin dawa a tafin hannuna lafiya lau, har na fara sakin jiki. Aka yi siga, wakilin ango ya nema, Baffa ya bayar, duk a hankali. Sannan liman ya fara addu'a, sanƙira yana ɗaga ta da ƙarfi don na nesa su ji. Ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Ƙofar gida gaba ɗaya ta ce amin.

Na ga wuyan Galadima ya miƙe a cikin hasken nan kafin in ji kukan. Sauran suka ɗauka. A ɗaki rufaffe abin ya zama kamar an kifar da tuluna a lokaci guda. Na watsa dawar duka, na rungumo Galadima na kama bakinsa, wani ya kubce ta bayana. Liman ya yi gyaran murya ya ci gaba, ya roƙi zuri'a ɗayyiba. Aka ce amin, wannan karon a ɗarare, suka sake amsawa. Na ji dariya ta kubce wa wani daga baya inda samari ke tsaye. Addu'a ta gaba kuwa samarin nan da gangan suka ɗaga murya, suka ja amin ɗin, tsuntsayen suka biya su da abin da ya fi. Dariya ta bi tabarmi har gaba. Liman ya tsaya. Ina durƙushe a ƙasa, fuka-fuki na dukan fuskata, ankona ya ɓaci, ina roƙon Allah ƙasa ta buɗe.

Kawun ango, wani dattijo mai sanyin murya, shi ya yi tambayar. Ba da faɗa ba.

"Alhaji, su waye ke taya mu addu'a ta bayan bango?"

"Ku yi haƙuri," in ji Baffa. "Kayan wani Bayarabe ne, maƙwabci, ya roƙi ajiya. Mu ba mu san halinsu ba. Gidan nan gidan shanu ne."

Da maganar ta tsaya a nan da ta wuce. An fara cewa ba komai, liman ya ɗaga hannu. Sai na ji ƙarar da na fi sani a duniya, ƙarar sandar Baba tana dafa siminti in zai miƙe.

"Ba na Bayarabe ba ne. Nawa ne. Ni nake kiwonsu a bayan Ojoo, wuta ce ta koro mu. Yarinyar da kuka zo aura, da su aka ciyar da ita, da su aka yi mata kayan ɗaki. Gara ku ji daga bakina yau."

Zan so in ce muku na ji daɗi da ya faɗi haka. Ban ji ba. Na cusa fuskata cikin bayan Galadima ina jin bugun zuciyarsa, ina tunanin ranar Litinin, ina tunanin Yaya Rabi a cikin ɗaki da lalle a hannu. Kawun ango ya ce sana'a ai sana'a ce, Allah ya sa albarka, a ƙarasa addu'a. Liman ya ƙarasa a gurguje, ya ce kowa ya shafa a zuciyarsa. Aure ya ɗauru. Amma an ƙaryata Alhaji Mamman a ƙofar gidansa, a gaban surukai da fatake da liman, kuma ƙaninsa ne ya yi.

Baffa bai yi faɗa ba, bai kira taro ba. Washegari da hantsi aka aiko da buzun Baba sashenmu a naɗe, an ɗaure shi da igiyar buhu. Inna ta karɓa ta tsaya da shi a hannu, ba ta san inda za ta ajiye ba. Ranar Litinin da na bi ta zaure za ni makaranta na saci kallo. Inda buzun ya yi shekara da shekaru simintin ya fi sauran haske, siffarsa ta fito sarai har da wuyan, kuma ba wanda ya zauna a wurin. Baba ya shiga ya gaishe da yayansa kamar kullum, aka amsa masa kamar yadda ake amsa wa baƙo, ya tsaya jim kaɗan a kan sandarsa, ya fito.

Sauran kuma unguwa ce ta ƙarasa. Aka sa wa sashenmu gidan amin. Yaya Rabi ta sha tsokanar dangin miji, duk da dai ita mai baki ce, ta rama, kuma aurenta ya yi albarka kamar yadda kuka gani. Abin da ya fi ci wa Baba rai a masallaci ne. In liman ya kai ƙarshen Fatiha Baba ya ce amin da muryarsa da kowa ya sani, sai a ji wani daga sahun baya ya yi ɗan kukan talo-talo ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, kafaɗu su fara rawa. An tsawata, an daina, an sake. Baba ya ce ba zai zama sanadin ɓata sallar mutane ba. Daga nan ya mayar da amin ɗinsa ciki, kuma ko bayan waɗancan samarin sun yi furfura sun manta, shi bai dawo da ita ba. Masu zuwa daga baya suka ga dattijo ba ya amsa addu'a, ba ya zama a zauren yayansa, suka haɗa nasu labarin.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, Baba ya gina ɗakuna biyu a gefen gonar muka koma. Inna ce ta fi kowa biya. Ta bar masu sayen furarta, ta bar matan da ta yi zaman shekaru da su, ta koma inda in ta leƙa ba ta jin Hausa sai tamu. Ba ta taɓa cewa Malam ya yi kuskure ba, amma na sha ganinta da yamma tana fuskantar hanyar gari da tsintsiya a hannu ba ta shara. Baba bai daina zuwa gaida Baffa ranar Juma'a ba har Baffa ya rasu. Yakan tsaya daga bakin zaure, a gaisa, ya juyo. Ba a sake tambayarsa abin da ya gani ba. Na taɓa tambayarsa, bayan na girma, ko ba gara da ya yi shiru ranar nan ba. Ya ce ya yi shiru ranar neman aure, kuma tuwon ranar bai wuce masa ba.

Buzun yana nan, shi ne wanda kuke gani a ɗakina kuna cewa in yar. A ƙarƙashin kashu ya ƙarasa aikinsa, Baba na salla a kai. Ranar da zan tafi kwalejin horon malamai, jakata na bakin hanya, ya kira ni can ya ce in durƙusa. Jikokin Galadima suna kiwo kewaye da mu cikin ciyawa. Ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a mai tsawo, ya roƙa mini abin da na sani da wanda ban sani ba. Da ya kai ƙarshe ya buɗe murya yadda na san ta tun ina ƙarama, ya ce amin. Tsuntsayen suka miƙa wuya suka amsa, gona ta ɗauka. Na ɗago ina duban hanya ko wani ya ji. Baba bai cire hannunsa daga kaina ba. Ya jira har suka gama.

"Uwata, ba ki ce amin ba."

Na ce amin, a hankali, yadda ko tsuntsun da ke kusa da ƙafata bai ɗaga kai ba.